Wasan da Ba Shi da Ƙofar Fita: Ƙarfi da Raunin Majigin Sword Art Online

Gabatarwa

A garuruwan Sabon Birni da Isa, can arewa maso gabashin Jihar Sakkwato inda ƙasar Gobir ta dangana da Jamhuriyar Nijar, wayar hannu ta daɗe da zama silima da ɗakin wasa ga matasa. Kamar yadda yake a sauran garuruwan Arewa, wanda ba shi da kuɗin sayen data yakan je shagon masu cajin waya a tura masa fim ya koma gida ya kalla. Yawancin abin da ake turawa fina-finan Hausa ne da na Indiya masu fassara, amma duk ɗalibin da ya leƙa intanet zai ci karo da wani nau'i dabam, watau majigin zane na ƙasar Japan wanda ake kira anime.

Daga cikin waɗanda suka fi shahara a wannan nau'i akwai Sword Art Online, labarin mutane 10,000 da aka kulle a cikin wasan kwamfuta, wanda duk ya mutu a cikinsa ya mutu ke nan har a zahiri. Tambayar da takan zo wa mai kallo ita ce, shin na'ura tana iya ɗaukar hankalin mutum kacokan ta kai shi wata duniya ta daban? Amsar ta rabu gida biyu. Majigin ya fahimci halin ɗan Adam fiye da yadda ya fahimci na'ura, kuma mutanen Gobir, saboda abin da suka gani da idonsu a 'yan shekarun nan, suna da ma'aunin da za su auna shi da shi wanda masu kallo a Tokyo ba su da irinsa.

Asalin Labarin

Wani marubuci ɗan Japan mai suna Reki Kawahara ne ya ƙagi labarin. Ya rubuta shi don shiga wata gasa ta shekarar 2002, sai ya zarce adadin shafukan da aka ƙayyade, don haka ya sa shi a intanet. An buga shi a matsayin littafi a shekarar 2009, sa'an nan kamfanin A-1 Pictures ya mayar da shi majigi mai kashi 25 a shekarar 2012, a ƙarƙashin jagorancin Tomohiko Ito.

Labarin ya fara ne ranar 6 ga Nuwamba 2022, wadda a lokacin rubutawa take can gaba. A ranar aka buɗe sabon wasa wanda ake shiga ta hanyar sanya wata hular kwano mai suna NerveGear. Hular tana tare saƙonnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa jiki, tana kuma cusa mata nata gani da ji da ɗanɗano, har mutum ya ga kansa tsaye da takobi a cikin wata makekiyar fada mai hawa 100 da ke shawagi a sararin sama, wadda ake kira Aincrad. Kafin rana ta faɗi sai 'yan wasa suka lura babu maɓallin fita. Maƙerin wasan, Akihiko Kayaba, ya tara su ya shaida musu cewa ba mai fita sai an ci hawa na ƙarshe, kuma duk wanda aka kashe a wasan, ko wanda danginsa suka cire masa hular, to hular za ta ƙona masa ƙwaƙwalwa. An shekara biyu a ciki. Wani yaro mai suna Kirito, ɗan shekara 14 a farkon labarin, shi ya kawo ƙarshen wasan a hawa na 75, bayan kusan mutum 4,000 sun halaka.

Inda Ya Dace da Kimiyya

Abu na farko da majigin ya kama daidai shi ne cewa ƙwaƙwalwa ba ta taɓa duniya da kanta. Tana zaune ne cikin duhun ƙoƙon kai, tana karɓar saƙonnin lantarki daga ido da kunne da fata, tana harhaɗa su ta gina hoton abin da ke waje. Wanda ya iya sarrafa waɗannan saƙonni, ya iya sarrafa abin da mutum zai ɗauka gaskiya ne. Tun a shekarar 1838 Charles Wheatstone na Ingila ya nuna cewa idan aka ba kowane ido nasa hoto, mai ɗan bambanci da na ɗaya idon, ƙwaƙwalwa za ta ga zurfi a kan takarda shimfiɗaɗɗiya. Dalili kuwa shi ne tazarar kimanin santimita 6 da ke tsakanin idanu biyu, wadda ke sa kowanne ya hango abu ta nasa ɓangare. A shekarar 1968 Ivan Sutherland ya haɗa wannan dabara da kwamfuta a Jami'ar Harvard ta Amurka, cikin wani tabarau da aka rataye daga rufin ɗaki. Tabaran zamani duk jikokinsa ne. A shekarar da majigin ya fito, watau 2012, wani matashi mai suna Palmer Luckey ya tara gudummawar jama'a don ƙera tabarau mai suna Oculus Rift, kuma a 2014 kamfanin Facebook ya sayi kamfaninsa a kan kimanin dala biliyan 2.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da ɗalibai za su iya yi a aji, wanda Matthew Botvinick da Jonathan Cohen suka bayyana a shekarar 1998. A zaunar da mutum a gaban tebur, a ɓoye hannunsa ɗaya a bayan kwali, a ajiye hannun roba ko safar hannu da aka cika da auduga a inda yake gani. Sai a riƙa shafa hannun gaskiya da na roba a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya. Ba da daɗewa ba mutane da yawa sukan fara jin kamar shafar daga hannun roba take fitowa, har idan aka ɗaga guduma a kansa sukan zabura. Ashe ke nan ko sanin iyakar jikin mutum ma lissafi ne da ƙwaƙwalwa ke yi, kuma ana iya ruɗar ta.

Abu na biyu shi ne batun tare motsin jiki. A labarin, ɗan wasa yana gudu yana sara da takobi alhali jikinsa na kwance ko yatsa bai motsa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga jikin ɗan Adam, domin haka yake faruwa kowane dare. A lokacin barcin da aka fi yin mafarki a cikinsa, wani sashe na gindin ƙwaƙwalwa yana aika umarni zuwa ga laka a saki tsokoki, don kada mai mafarkin gudu ya tashi ya ruga a guje. Masani ɗan Faransa Michel Jouvet ya bayyana wannan a jikin kyanwa a shekarar 1959. Idan mutum ya farka kafin wannan ɗauri ya kwance, sai ya ji yana gani yana ji amma ya kasa motsi, ga nauyi a ƙirji. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira dannau.

Abu na uku ya zo a zango na biyu na majigin, na shekarar 2014, inda aka nuna wata yarinya mai suna Yuuki da ke fama da cutar ajali, wadda likitoci suka sa a irin wannan na'ura don rage mata raɗaɗi. Wannan yana da tushe. Tun wajejen ƙarshen shekarun 1990 Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington suka fara sanya wa masu ƙunar wuta tabarau a lokacin wanke musu rauni, daga baya suka ƙera musu wata duniyar ƙanƙara mai suna SnowWorld, kuma majinyatan suka bayar da rahoton raguwar zafi. Hankali yana da iyaka, abin da aka cika shi da shi yakan rage wa ciwo wuri. A watan Nuwamba 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani tsarin tabarau don masu daɗaɗɗen ciwon baya.

Inda Ya Fahimci Jama'a

Babban ƙarfin majigin ba a wajen na'ura yake ba. Yana wajen nuna abin da mutane ke yi idan aka rufe musu hanya. A Aincrad cikin gari akwai aminci, haɗari yana kan hanya da cikin daji. Wasu sun ƙi fita daga garin farko saboda tsoro. Wasu sun kama sana'a, ga Lisbeth maƙeriya, ga Agil ɗan kasuwa, ga wani dattijo da ya koma kamun kifi. Wata mata mai suna Sasha ta tara ƙananan yara tana renonsu. An kuma sami waɗanda suka kafa ƙungiya don kisa kawai, da wasu masu makamai da suka fara da sunan kare jama'a suka ƙare da tare yara a lungu suna karɓar haraji.

Mai kallo a Sabon Birni ko Isa ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan. A watan Mayu 2020 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni. A watan Disamba 2021 an ƙona matafiya a cikin motarsu a kan hanyar da ta taso daga Sabon Birni ta nufi Isa. An sanya wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su girbe abin da suka noma, dubban mutane sun tsallaka zuwa yankin Maraɗi neman mafaka, kuma a watan Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Ba a kwatanta zanen majigi da jinin mutane. Amma abin da Kawahara ya hango yana nan, watau cewa al'ummar da aka tsare ba ta daina rayuwa. Ana cin kasuwa, ana ɗaura aure, ana renon marayu, kuma ana samun masu cin riba daga tsoron 'yan uwansu.

Kashi na uku na majigin shi ya fi kowanne nauyi. Kirito ya shiga wata ƙaramar ƙungiya ya ɓoye musu ƙarfinsa, su kuwa ganin nasarar da suke samu tare da shi sai suka ɗauka ƙarfinsu ne, suka kutsa inda ya fi ƙarfinsu, suka halaka. A wannan wuri majigin ya ɗauki mutuwa da nauyinta, ya kuma nuna cewa ɓoye bayani a lokacin haɗari yana iya zama sanadin ajalin wani.

Inda Ya Saɓa wa Kimiyya

Raunin farko yana jikin hular kanta. An ce tana karanta ƙwaƙwalwa tana kuma rubuta mata saƙo ta hanyar igiyoyin maikirowef, irin waɗanda murhun lantarki ke ɗumama abinci da su. Tsawon igiyar irin wannan murhu ya kai kimanin santimita 12, alhali ƙwayar jijiya guda ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma akwai irinta kimanin biliyan 86 a ƙwaƙwalwar mutum. Neman taɓa su ɗaya bayan ɗaya da irin wannan igiya daidai yake da neman tsince ƙwayar gero da galma.

Abin da kimiyya ta iya ya yi ƙasa da haka ƙwarai. Likita ɗan Jamus Hans Berger ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a shekarar 1924, amma abin da ake ji ta bayan ƙoƙon kai kamar hayaniyar kasuwa ce daga bayan gari, ana sanin ta cika ko ta watse, ba a sanin abin da kowa ke faɗi. Don a ji ƙwayoyin jijiya sosai sai an yi tiyata. A shekarar 2004 an dasa wa Matthew Nagle, wani Ba'amurke da jikinsa ya shanye, 'yar na'ura mai allurai kimanin 100, ya riƙa motsa alama a allon kwamfuta da tunaninsa. A watan Janairu 2024 kamfanin Neuralink ya dasa wa mutum na farko na'ura mai bakunan lantarki 1,024. Wannan duk karatu ne. Rubutu ya fi wuya. Jijiyar ido ɗaya tana da zare fiye da miliyan ɗaya, kuma na'urar da ake dasa wa kurame a kunne, wadda tana cikin mafi nasara a wannan fage, bakunanta ba su wuce ashirin da 'yan kai ba.

Hatta tabarau na yau yana da matsalar da majigin ya tsallake. Can cikin kunne akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kai yana juyawa. Idan ido ya ce ana gudu, kunne ya ce ana zaune, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya, kamar yadda yakan sami mai karatu a cikin mota. Saboda haka maƙera suke ƙoƙarin sabunta hoto kamar sau 90 a sakan guda, da kuma hana jinkirin da ke tsakanin juya kai da juyawar hoto wuce kashi 20 cikin 1,000 na sakan.

A ranar 6 ga Nuwamba 2022, ranar da labarin ya sa wa buɗe wasan, Palmer Luckey ya nuna wani tabarau da ya ɗaura wa abubuwan fashewa guda uku don tunawa da majigin. Ya bayyana cewa ya gama rabin da ke kisa, amma rabin da zai kai mutum cikakkiyar duniyar kwaikwayo yana da sauran shekaru masu yawa. Wannan ya isa ya nuna inda aka tsaya.

Rauni na biyu shi ne jikin da aka bari a gado. Da Kirito ya farka bayan shekara biyu, an nuna shi a rame, amma nan take ya miƙe ya dafa sandar ƙarin ruwa ya kama tafiya. A shekarar 1966 masu bincike a birnin Dallas sun kwantar da samari biyar na mako uku kacal. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka tarar kwanciyar mako ukun ta fi rage ƙarfin zuciyarsu fiye da tsufan shekara 30. Ga kuma narkewar tsoka, da raunin ƙashi, da gyambon kwanciya, da daskarewar jini a ƙafa. Duk wanda ya yi jinyar mai shanyewar jiki ya san mai kwanciyar shekara biyu ba ya tashi haka.

Rauni na uku mutumin Gobir zai riga kowa ganinsa. A ƙa'idar littafin, hular tana kisa idan aka yanke mata wuta na minti 10, ko aka raba ta da layin sadarwa na awa biyu. Labarin ya ginu ne a kan ƙasar da wuta da sadarwa ba sa yankewa. A watan Satumba 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sanar da rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23, har da Sabon Birni da Isa, don daƙile 'yan bindiga, aka yi makonni a haka. Darasin da ke nan shi ne duk wata duniyar kwamfuta tana tsaye ne a kan turakun ƙarfe, da man janareta, da wayoyi, da ma'aikatan da za su iya bin hanya lafiya su je gyara.

Inda Ya Gaza a Matsayin Labari

Majigin ya yi alkawarin hawa 100, amma cikin kashi 14 ya gama da Aincrad, yana tsallake watanni tsakanin kashi da kashi. Tun da wuri Kirito ya fi kowa ƙarfi, har aka ba shi baiwar riƙe takubba biyu shi kaɗai, kuma a karon ƙarshe ya karya ƙa'idar mutuwar da aka gina labarin a kanta ba da wani dalili ba illa ƙarfin zuciya. Da ƙa'ida ta karye saboda jarumi, sai tsoron mai kallo ya tafi. Da aka tambayi Kayaba dalilin da ya sa ya jefa mutane cikin wannan bala'i, sai ya nuna shi ma ya manta, in ban da wata fada da yake mafarki tun yana yaro. Ran mutum kusan 4,000 ya fi ƙarfin wannan amsa.

Haka nan an zalunci Asuna, wadda a rabin farko mataimakiyar shugaban babbar runduna ce, gwana wajen takobi da tsara yaƙi. A rabi na biyu an kulle ta a keji tana jiran ceto, ana kuma nuna cin zarafinta ta hanyar da ba ta ƙara wa labarin komai ba. Masu sharhi sun soki wannan matuƙa, kuma ya kamata iyaye su sani cewa zane ba ya nufin abin kallon yara ne.

Babban kuskuren kuwa shi ne koyar da cewa al'ummar da aka tsare gwarzo ɗaya take jira. Majigin da kansa ya nuna maƙera da 'yan kasuwa da masu tattara labarin hanya, waɗanda ba don su ba da babu mai kai wa hawa na biyu, sa'an nan ya juya ya miƙa wa yaro ɗaya ladan duka. Manomin da ya san gayya ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

Ana iya kallon Sword Art Online a amfana, muddin an san abin da za a ɗauka da abin da za a zubar. A ɗauki bayaninsa cewa ƙwaƙwalwa tana iya zama a duniyar da aka gina mata, har ta yi abota da baƙin ciki na gaskiya a can. Wannan shi ne ya sa tabarau ke rage zafin ƙuna, kuma shi ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka a shekarar 2019, ga wanda wasa ya rinjayi karatunsa da aikinsa da hulɗarsa da mutane na kimanin shekara guda. A zubar da hular da ke karanta tunani ta bayan ƙoƙon kai, da majinyacin da ke tashi garau bayan shekara biyu.

Ga ɗalibin kimiyya a Isa ko Sabon Birni, tambayoyin da majigin ya tayar suna da amfani fiye da amsoshinsa. Yaya jijiya ke ɗaukar saƙo? Me ya sa tsoka ke narkewa idan ba a motsa ta? Wace irin wuta za ta riƙe turken sadarwa a garin da mai ba ya isa? Waɗannan fannoni ne da ake karantawa a jami'o'in ƙasar nan, kuma ƙasar Gobir tana da bukatar masu amsa su.